Mai Duba Tiya a Kasuwar Sabon Birni

Ga wani baƙo a layin 'yan hatsi, siriri kamar karan dawar bana da fari ya cinye, hularsa ta fi kansa girma. Ƙaramar hukuma ce ta turo shi duba tiyar awo. Sun shirya da 'yan kasuwa: awo ɗaya ga kowa, ba sani ba sabo. Alhaji Sodangi, shugaban 'yan hatsi, shi ke raka shi rumfa-rumfa yana tinƙaho.

Baƙon ba ya surutu. Yana ɗaga tiya, ya shafa gindinta da babban yatsa, ya ji ko an buge ta ciki don rage awo. Yadda yake haɗiyar yawu in ya ga gero, gidansa ma tukunya ba ta cika.

A rumfar Alhaji, Inno Tasalla na tsaye da ƙwarya ta zo sayen gero, jikoki na jiran tuwo.

Yatsan baƙon ya tsaya a gindin tiyar Alhaji.

"Alhaji, wagga ta lotsa."

"Faɗuwa ta yi, ɗan nan!"

"Duk na kasuwag ga faɗuwa sunka yi."

Baƙon ya miƙa masa tiyar hukuma ya auna wa Inno da ita. Alhaji na awo yana gumi.

"Cika ta dai, Alhaji," in ji Inno. "Ai kai ka rako shi!"