Ɗan Aiken da Bai Taɓa Ganin Tabkin Madarumfa Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Gabi, ni da ɗiyar ƙanwata da abokin aikinta mai tuƙa mota. Gero ya riga ya shiga rumbu, awaki ne ke yawo cikin kara. Hanyar jar ƙasa ce, motar ta yi ta girgiza mu har tazbahata ta faɗa ƙarƙashin kujera. A wani ƙauye muka sha kunun tsamiya da ƙosai, mai ƙosan tana yi wa direba tsiya wai ya rage yaji tunda dattijo ya ɗauko.

A hanya ɗiyar tawa ta bayyana mini dalilin tafiyar. A Maradi suka haɗa wani ɗan aike na na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wanda manomi zai tambaya ta portabul, wato wayar hannu, da Hausa ya amsa masa. Shi kansa bai san gona ba. Kayan aiki aka ajiye masa: na duba yanayin sama, na cutar tsiro, na lokacin shuka, na ruwan tabki. Ba ya ganin su. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne yake karantawa, ya zaɓi wanda zai ɗauka. Ita ce ta rubuta bayanan. Masu lambun Madarumfa sun gwada shi ya ba su amsar banza, shugaban koperatif ɗinsu, wato ƙungiyarsu, ya ce in yau ma haka ne, ta kwashe abinta. Ni kuwa an ɗauko ni ne saboda ban san kayan ba. Za a karanta mini bayani in zaɓa, a ga ko mutum ma zai ɓata.

Da hantsi muka isa. Subhanallah! Ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji, belbelu fari fat a kan itatuwa, masunta na tura kwalekwale ba hayaniya. Na tsaya na yi addu'a ga waliyyan da ke binne a gefen tabkin kafin mu gangara lambuna.

Shugaban, dattijo ne mai naɗaɗɗen wando, taɓo har ƙwauri. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Ɗiyata, irin tumatirina ya isa dashe, abin nan naki ya ce in jira damina. In jira in ci mi?"

Muka zauna ƙarƙashin kuka, ta buɗe odinatar, wato kwamfutarta. Ta ce, "Kawu, ga tambayarsa: yaushe zan dasa? Wane kaya za ka ɗauka?" Bayanin farko ya ce: yana gaya wa manomi lokacin shuka. Na biyu ya ce: yana ba da ma'aunin tabki. Ban ko yi tunani ba na zaɓi na farko. Aka tuntsire da dariya, don shi na'urar ta zaɓa. Shugaban ya ce, "Ashe Malam ma na'ura ne!"

Kayan farko gero da dawa kawai ya sani, irin nomanmu na Gabi. Mutanen nan kuwa ba hadari suke jira ba. Ruwan tabki suke bi yana janyewa, suna dasawa a danshin da ya bari. Na biyun shi ke ɗauke da amsarsu, amma bayaninsa bai faɗi haka ba.

Ba ta taɓa kayan ba, rubutun ta gyara. Ta sa wa kowanne don wa aka yi shi, da inda bai kamata a ɗauke shi ba, da abin da sai an gaya masa kafin ya yi aiki. Gyaran farko ya yi tsawo har na manta kansa kafin ta kai ƙarshe, ta datse. Ta karanta wa wani masunci, ta karanta wa mata masu sayar da zogale, kowa ya jefo tambayarsa, tana duba abin da na'urar ta ɗauka. Muka yi azahar, muka ci soyayyen kifi karfasa da garin rogo, tana ta gogewa tana sakewa.

Sai shugaban ya karɓi portabul ya maimaita tambayarsa da ƙarfi, kamar mai yi wa kurma magana. Na'urar ta ce, "Lambunka a wane gefen tabki yake?" Ya gaya mata, ta ce ruwa ya janye a wajen, zai iya dasawa cikin makon nan. Dattijon ya gangara ya danna ƙasar da diddige, ya daɗe yana kallo. Da ya dawo ya ce, "A bar shi. Amma ni zan riƙa yi masa jarrabawa." Ɗiyar tawa ta sunkuyar da kai tana hamdala.

Mun shiga Gabi ana kiran magariba. Na yi shekaru ina kwafar littattafai da ajami, ina ɗora laifin rashin fahimta a kan mai karatu. Tafiyar nan ta nuna mini cewa wanda ke nesa ba shi da komai sai abin da ka rubuta masa, mutum ne ko na'ura. In ya ɓata, ka fara komawa ga alƙalaminka. Allah Ya ba mu ikon yin bayani yadda za a gane.