Kifi Shida da Sifaniyancin Adda

Yayata, wadda muke kira Adda, bandar kifi take yi a Lagdo, ƙasar Kamaru. Ta haura talatin lokacin da ta ce sai ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, domin ta shiga makarantar horar da malamai a Garoua. Sau biyu tana zaman jarrabawar daga gida, sau biyu Sifaniyanci yana kayar da ita. Wannan na uku shi ne na ƙarshe, don baɗi shekarunta za su wuce iyakar da ake ɗauka.

Ni kuwa da na yi lise, wato babbar sakandare, na cika baki zan koya mata. Na je da littafina, na gyara murya. Ta ce in ba ta "cantar", rera waƙa ke nan, a subjonktif amparfe, wato sigar "da a ce". Wallahi gumin da na yi ranar ya isa a yi ban ruwan shinkafa kadada goma.

"Malam Ɗan Autan Madrid," in ji ta, "ajiye littafin nan kada ya ƙone. Miƙo kwando."

Ashe ita ta riga ta yi nisa. Hannu duk mai da toka, ba ya taɓa takarda, don haka ta mai da ragar banda allonta. Tarwaɗa shida take jerawa a layi, kowacce da mai ita: ni, kai, shi, mu, ku, su. Ta ɗauki ɗaya ta ce, "Wannan cantaron ce." Ta sa wuƙa ta datse wutsiya. "Ron ya tafi, saura canta. Yanzu a liƙa sabuwa." Sai ta bi layi tana juya su: cantara, cantaras, cantara, cantáramos, cantarais, cantaran. Ta huɗun kullum ƙatuwa take zaɓa, wai ita ce mai ɗauke da alama a ka, dole ta fi nauyi. In ta gama layi, ta sake aikatau, hablar ko comer, ta kama na gaba. Tun safe har la'asar. Matan da ke banda kusa da ita har sun fara amsawa, ba su san me suke cewa ba.

Ranar jarrabawa ni na kai ta Garoua a babur. Da ta fito na ce, "Adda, yaya?"

"Subjonktif ɗin ya fito. Na rufe ido na ga raga, sai na yi ta juyawa. Mai gadin aji ya ce madam, me kike yi da hannu? Na ce mushe, yallaɓai, bari, kada ya ƙone."

Yau aji uku take koyarwa a wajen Mayo-Oulo. Ragar kuwa ni ta bar wa, ta ce tunda littafi ya gagare ni, in gwada kifi. Layin farko na ƙona huɗu.