Shekarar da Buroshi Ya Yi Rabin Fure

Shekara talatin da ɗaya Malam Gwadabe ya yi yana kula da shuke-shuken wani gida a GRA, kullum daga Ƙofar Durbi a kan kekensa, almakashi ɗaure a baya. Mutum ne mai faɗan tsiya a kan ganye. Ka taka masa ƙafa ya yafe, amma ka tsinki reshe, ranar sai ka gwammace ba ka fito ba.

Ɗan lelensa shi ne itacen bakin baranda, mai dogon jan fure kamar buroshin wanke kwalba, har 'yan gidan ma buroshi suke ce masa. Maigidan, marigayi Alhaji Siddiq, shi ya kawo shi daga Jos a gwangwanin madara, Gwadabe ya rene shi har ya taɓo rufi. Askinsa ƙa'ida gare shi: reshen da ya gama fure ya bar ƙwayaye shi ake ragewa, mai sabon toho kuwa ba a taɓa shi. Wannan karatu Hajiya Zulaihat, matar marigayin, ta sha shi har ta haddace, tana zaune a baranda tana tsintar shinkafa.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Bai gaya wa kowa ba. Ya jingine keke, ya ce gwiwa ce. Rassan ƙasa da yatsa yake lalubawa, don ƙwaya tauri gare ta, toho kuwa laushi. Na sama, waɗanda ake kamowa da almakashi mai doguwar gora, su suka tona masa asiri. Bara buroshi ya yi ja wur daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum, sama kuwa kore shar, ko fure ɗaya babu.

Kabiru, babban ɗan gidan, ya zo hutu ya gani. "Hajiya, Baba Gwadabe ya tsufa," in ji shi. "A sallame shi cikin mutunci, a samo wani."

Gwadabe yana bakin famfo, ya ji komai. Ba yunwa yake tsoro ba, 'ya'yansa sun tsaya masa. Abin da ya karya masa zuciya shi ne gari ya waye ba shi da wurin zuwa, wani baƙo kuma ya zo ya aske buroshi kamar akwati.

Washegari ya naɗe almakashi a tsumma, ya durƙusa gaban Hajiya. Bayan an tambayi kwana da iyali da gajiya, ta ce, "Mi ka naɗo haka, Malam?"

"Kayan aikinku ne, Hajiya. Ido ya tafi." Ranar ce ya fara faɗa da bakinsa.

"Ai na sani, tun ranar da ka tsaya kana gaida tankin ruwa, kana tambayarsa ya jikoki." Ta ture tiren shinkafa ta miƙe. "Ɗauko gorar nan. Hannu naka, ido nawa."

Haka suka yi askin. "Sama kaɗan. Dama. To, yanke."

"Kin tabbata ƙwaya ce, ba toho ba?"

"Shekara talatin kana cika mani kunne, Malam. Yanke!"

Bana da lokacin fure ya zo, Gwadabe ya tsaya ƙarƙashin itacen ya ɗaga kai. Dishi-dishi kawai yake gani.

"Ya kai sama, Hajiya?"

"Yi shiru ka ji."

Ya yi shiru. Can kusa da rufi, inda bara babu komai, ƙudan zuma ne ke ta ƙugi a cikin fure. Ya daɗe a tsaye, hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba.

"Reshen hagun nan," ya ce daga baya, "ƙarar ba ta da yawa. Kin sa na rage shi fiye da kima."

"Baɗi sai ka gyara mani," in ji Hajiya, ta koma kan shinkafarta.