Inda Auta Yake Tafiya

Ɗazu da safe ɗan maƙwabciyata ya durƙusa gaban murhu yana hura mata wuta. Ya cika kumatu, fuu, fuu, toka na tashi. Ban san lokacin da na ajiye tsintsiya na miƙa masa mafici ba. Ni dai har yau ba na iya tsayawa in ji yaro yana hura wuta, kuma bari in faɗa maka dalili.

Mu uku Inna ta haifa: Yaya, ni, sai Auta, namijin cikinmu. Ƙauyenmu na tsakanin Kura da Bunkure, kuma mun taso ne kanal ɗin noman rani bai daɗe da ratsa gonakinmu ba. Manya ba su saba ganin ruwa yana gudu da rani ba. Baba ya yi murna, ya kama noman alkama da tumatir, da damina kuma shinkafa. Kaka, mahaifiyarsa, ita ce ba ta taɓa yarda da ruwan ba. Takan ce ba shi kaɗai ya zo ba, da masu shi ya taho.

Auta yaro ne mai surutu. Idan shinkafa ta fara nuna, shi ake kai wa korar tsuntsu, don muryarsa ta fi ƙarar gwangwanayen da ake ɗaurewa a igiya. To a shekarar da aka sa shi makaranta ya fara abin da muka riƙa kira tafiya. Yana cikin magana sai ya tsaya. Ido a buɗe, amma ba kai yake kallo ba, fatar idon tana ɗan rawa, baki yana motsi kamar mai tsotsar alewa. Kafin ka kira shi sau biyu ya dawo, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

In na ce, "Auta, ina ka je?" sai ya ce, "Ina nan mana. Ke ce dai ba kya ji."

Ba ya faɗuwa, ba ya kumfa, don haka ba wanda ya kawo farfaɗiya a ransa. Malaminsu ya ce daƙiƙi ne. Baba ya ce iskanci ne, ranar da tsuntsaye jan-baki suka sauka a shinkafa yana tsaye da igiya a hannu. Kaka kuwa ta ce mutanen ruwa ne ke kiransa, ta kuma ɗaura ɗamarar ƙwato shi.

Tana son yaron nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Maigidana take kiransa. Kowace safiya takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa saiwoyi, ta ce shi da kansa zai hura har hayaƙi ya tashi. Ina jin ƙamshin har yanzu, ɗaci-ɗaci, yana kama zani. Auta zai durƙusa ya yi ta hurawa, kuma kusan kullum, yana cikin hurawar sai ya tafi.

"Kun gani ko?" in ji Kaka. "Sun ji hayaƙin, shi ya sa suke jan sa. Gobe ma za mu ƙara."

Yaya takan zauna a kan turmi da kayan makaranta a jikinta, tana kallo kawai. Wata safiya ta ce, "Kaka, ba hayaƙin ba ne, hurawar ce. Jiya ma da ya daɗe yana hura wa Inna wuta ya tafi, kuma ba turare."

Kaka ta yi dariya. "Ji 'yar boko! Ke da aka yanke wa cibiya a gabana?"

Muka yi dariya mu ma, har da Auta.

Da alkama ta yi kore, yara kan yanki karanta su yi abin busa. Wani hantsi, ranar da aka sako ruwa kanal ya cika, Auta ya zauna a bakin siminti da abokansa, ƙafafunsa a ruwa, yana ta busa. Yaran sun ce busar ce ta fara yankewa. Sai ya sunkuya a hankali, kamar mai son ganin fuskarsa. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. A ƙofar ƙarfen da ake raba ruwa aka sami gawarsa.

Kaka ta kife kaskon a bayan rumbu, ba ta ƙara kunna shi ba har ta rasu. Yaya kuwa ta daina magana a kan abin, ta kama karatu kamar mai bin sawun wani. Daga makarantar kwana ta wuce jami'a, daga nan ƙasar waje, ta dawo tana koyarwa. Yau farfesa ce a kan ƙwaƙwalwar yara, yadda take sa su gane karatu ko su kasa. Ta yi shekaru tana bin makarantun ƙauye, tana zama da yaran da aka tura bayan aji. Ta taɓa ce mini wasunsu ba daƙiƙai ba ne, darasin ne ke iso musu da huji-huji kamar zanen da ɓera ya ci. An ce har a wasu ƙasashe ana karanta abin da ta rubuta. Ni da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya, sunan Baba da ke jikin nata kawai nake iya ganewa a takardun.

Ni na auri manomin tumatir, na zauna kusa da ruwan nan. Wata rana 'yata ta uku tana ba ni labarin kasuwa, sai ta tsaya a tsakiyar magana. Fatar idonta ta yi rawa. A ranar na kira Yaya, washegari ta iso.

Ta zauna a tabarma, ta naɗe takarda ta yi 'yar fanka, ta soke ta a tsinke. Ta ce wa yarinyar, "Zo, 'yar albarka, hura mini mu ga ko za ta juya."

Na riƙe hannunta. "Yaya, don Allah kada ki kira mutanen ruwan nan."

"Ba kowa a can, ƙanwata," ta ce. "Sake ni in gani."

Yarinyar ta yi ta hurawa, fanka na juyawa, sai ta tafi, sai ta dawo tana dariya. Yaya ta ga yara irin wannan ba adadi. Ta ce wata irin farfaɗiya ce marar faɗuwa, yawan hurawa yana taso ta. Muka je asibiti a Kano, aka manna wa yarinyar wayoyi a ka, aka ba mu magani, aka ce kada ta kusanci ruwa ita kaɗai. Tafiyar ta ragu, ta daina. Yanzu tana sakandare.

A hanyarmu ta dawowa daga asibitin, mota na bin gefen kanal, na tambayi Yaya abin da ke cina.

"Yaya, a lokacin Auta akwai maganin?"

Ta ce, "Akwai."

"A ina?"

"A Kano."

Kano, inda motocin tumatir ke zuwa daga ƙofar gidanmu kowace safiya.

Yanzu gari ya canja. Injinan shinkafa sun cika hanya, ƙararsu ba ta barin ka ji tsuntsu. A ƙaramin asibitinmu akwai 'yar fankar takarda a cikin kofi a kan teburin malamar jinya, kuma na ji wani malamin firamare yana gaya wa wata uwa ta kai ɗanta a duba, maimakon ya ce daƙiƙi ne. Na san daga inda wannan ya fito. Ruwan kuwa yana nan yadda yake, yara na zama a bakin siminti da kara a baki.

Ɗan maƙwabciyata ya karɓi maficin ɗazu yana kallona da mamaki. Na tsaya ina duban idonsa har ya ce, "Umma, lafiya?" Na ce lafiya lau. Yana nan, bai je ko'ina ba.