Shirin Rigimar Gidan Wasu

Tsohon direba ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin bas, yana yi wa fasinjoji tsawa, su ma suna mayar masa. Da idanunsa suka raunana kamfanin ya sallame shi, sai ya dawo gida da bakinsa yadda yake, babu birki.

Wannan bakin ne ya kori autansu. Yaron ya ɗauki motar gida ba izini, ya goga ta da bango. Uban ya mare shi a gaban maƙwabta, ya ce kada ya sake ganin ƙeyarsa. Yaron kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Shekaru sun shuɗe, ko waya bai taɓa bugowa ba.

Tun daga ranar, matarsa ba ta ce masa komai sai "ga abinci" da "an kawo wuta". Abin yana cinsa ƙwarai, amma girman kai ya hana shi buɗe baki.

Abu ɗaya ke zaunar da su wuri guda: wani shirin talabijin na yamma, inda mutane ke kwaso rigimar gidajensu su baje a gaban duniya. Shi yana kan kujerarsa mai lotsattsen kushin, ita tana kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Da farko yakan ce shirin marasa kunya ne. Amma a je a kashe a gani!

A nan suke hirarsu, kowa fuskarsa na kallon akwatin.

"Wannan uban ba shi da imani," in ji ta.

"Yaron ne fitsararre," in ji shi.

Kowa ya san da wa ake. Shi dai ko zagi ne yana so, tunda muryarta ce.

Wata yamma aka kawo wani dattijo da ya kori ɗansa. Dattijon yana kuka da majina, yana roƙon yaron ya dawo, kujerar da aka ajiye wa yaron kuwa babu kowa a kai. Tsohon direba ya jira matarsa ta fara, ba ta fara ba. Ya yi gyaran murya, idonsa a kan allon.

"Laifin uban ne," ya ce. "Bai kyauta ba. Bai kyauta wa uwar yaron ba ma."

Hannunta ya tsaya a cikin farantin. Ta ɗago ta dube shi, tana jira ya juyo. Ya san tana jira, yana ganinta ta gefen ido. Wuyansa ya ƙi. Aka sa tallar sabulu, ya zuba wa tallar ido kamar zai saya.

Ta miƙe a hankali, ta karkaɗe zaninta.

"To, Malam," ta ce, "talabijin ta ji."

Ta shige kicin. Ya zauna shi kaɗai, ya ƙara muryar talabijin ɗin don kada ya ji kukanta.