Sawun da Kakata Ta Share

Shekarar da aka canza launin takardun kuɗi, mutane suka yi ta wuni a layin banki, ita ce shekarar da na cika takwas. Ba don na iya riƙe shekaru nake tuna ta ba. Ƙauri ne yake dawo mini da ita, ƙaurin man shanu yana cin lagwanin auduga.

Makon jiya na taso daga asibitin da nake aikin wanki a Largo, nan ƙasar Turawa inda muke zaune, na sauka daga bas ana gab da magariba, sai ƙaurin nan ya tare ni tun daga bakin titi. Gidajenmu a jere suke, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabcina Ba'indiye. Ya jera ƙananan fitilun kasko a kan matakala, matarsa ta durƙusa tana zane a ƙofa da gari mai launi. Ya ɗago mini hannu, ya ce yau Diwali, bikinsu na fitilu, ya miƙo mini kwalin alewa. Na karɓa da yatsa biyu na shige gida.

Matata ta ce, "Malam, mutum ya ba ka abu da fara'a, ka karɓa kamar an miƙo maka sammaci?"

Na ce ta ba yara, ni haƙorina ba ya son zaƙi.

Ta ce, "Haƙorin da ya cinye mana cincin ɗin Sallah?"

Na wuce ɗaki na tuɓe kayan aiki. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba, idan ƙanƙara ta zuba har bakin ƙofata yake kwashewa. Amma ba na son bikin nan, kuma bari in gaya maka dalili.

A Kaduna na tashi. Babana kuku ne a gidan wani Ba'indiye, ɗaya daga cikin manyan wata masaƙa. Shekara goma sha ɗaya yana dafa musu abinci. Muna zaune a ɗaki biyu na bayan gida, da famfo a ƙofa, da bishiyar gwaiba. Matar maigidan tana jin Hausa kaɗan kaɗan, ita ce ta ce yaro kamar ni bai kamata ya wuni yana korar ƙadangaru ba. Ta sa mijinta ya samo mini gurbi a makarantar 'ya'yan ma'aikata, aka ce in an koma hutu zan fara. Har an ɗinka mini riga biyu da gajeren wando biyu, Innata ta ninke su ta sa a cikin kwalla. Kullum sai na buɗe na shinshina ƙamshin sabon yadi.

Da damina ta ɗauke sai kakata, uwar Babana, ta zo daga ƙauye neman maganin gwiwa. A cikin gidan kuma akwai tsohuwa, uwar maigidan, wadda ba ta jin ko sannu. Tun ranar farko tsofaffin nan biyu suka ƙi jinin juna. Tsohuwar gidan ba ta son warin daddawar da kakata take shanyawa, takan toshe hanci da bakin mayafinta. Kakata kuma ba ta son ƙarar ƙararrawa da hayaƙin turaren tsinke da suke fitowa ta tagar tsohuwar kowace safiya. Idan suka haɗu a bakin famfo, wannan ta ja tsaki, wannan ta yi gunaguni da yarenta.

Ana haka bikinsu ya matso. Kwana biyar suke yi, amma shirinsa ya fi mako biyu. Aka fito da komai na gidan waje, aka kakkaɓe, aka wanke, aka shafe bango da farar ƙasa. Duk abin da ya tsufa ko ya fashe aka zubar. Nama da ƙwai suka daina shiga kicin. Babana yakan wuni a gaban tukunya yana juya madara da sukari har ta kama jikinta, ya yanka ta gida gida, ya soya wani ƙulli ya tsoma a ruwan zaƙi. Aka kawo fitilun kasko cike da kwando, kowace ba ta fi tafin hannuna ba. Ni da 'yar maigidan muka zauna muna murza auduga a cinya muna yin lagwani. Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Da aka aiko mana da alewa a faranti, kakata ta tambayi Babana ko an fara ajiye ta a gaban gumakansu. Ya juya ya koma kicin. Ta ɗauki farantin za ta watsa wa kaji, sai ta fasa, ta ce kajin ma mu ne za mu ci su. A masai ta juye.

Rana ta uku ita ce babba. Bayan la'asar tsohuwar gidan ta fito sanye da sababbin kaya, ta durƙusa a ƙofa ta zana wata babbar fulawa da gari ja da rawaya da kore. Sannan ta kwaɓa garin shinkafa a kwano. Ina tsaye ina kallo, ta dunƙule hannu, ta tsoma gefensa, ta danna a ƙasa, ta ɗiga ɗigo biyar a sama da kan yatsa. Sai ga sawun ƙafa, ɗan ƙarami, fari tas. Ta yi ta yinsu bi da bi, tun daga hanyar da ta bi ta gaban ɗakinmu har cikin ƙofar gidansu, duk sun fuskanci ciki. Aka jera fitilu a gefe da gefe, aka bar ƙofa a buɗe.

Kakata ta fito da buta za ta ɗebi ruwan alwala. Ta tsaya. Ta daɗe tana kallon sawun nan, daga inda suka faro zuwa inda suka shige. A garinmu kowa ya san abin da ake yi da sawun mutum idan ana so a juya shi.

Ta ce, "Maigidana, zo nan. Ɗora ƙafarka."

Haka take kirana. Na ɗora ƙafata kusa da ɗaya, tawa ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Na ji sanyi a raina, na zaci magana ta ƙare.

Ta ce, "Ai sawun kurwa ba ya kai na mai ita. Shi ya sa aka ɗinka maka riga."

Na ce, "Iya, da hannu ta yi, wallahi a gabana."

"Rufe mini baki. Har sun fara da bakinka."

Ta ajiye buta ta ɗauko tsintsiya. Mai gadi ya hango ta, ya taho da sauri yana cewa, "Iya, rana ta faɗi, ba a shara yanzu, tsiya take jawowa."

Ta ce, "Na sani. Ta shiga inda aka yi mata hanya."

Matar da ke kukan gwiwa wata guda, ranar ban ga ɗingishi ba. Daga bakin ƙofarsu ta faro, tana sharowa waje. Fulawar ta zama ƙura mai launi. Fitilu suka kife, mai ya malale. Ta koma famfo ta cika bokiti ta sheƙa a kan abin da ya rage. A daidai lokacin motocin baƙi suka fara shigowa, mata da kayan alharini da gwal, suna riƙe da faranti.

Ihun da tsohuwar gidan ta yi har yau yana kunnena. Ta fito ba takalmi, ta tsaya a cikin jiƙaƙƙen garin tana dukan ƙirjinta, tana nuna kakata da yatsa. Kakata ta riƙe tsintsiya a tsaye tana mayar mata. Wannan tana zagi da Indiyanci, wannan da Hausa, babu mai jin wata, kuma babu wadda ba ta gane ba. Tsohuwar ta tofa yawu. Kakata ta tofa biyu.

Babana ya fito daga kicin da tire a hannu. Maigidan bai ɗaga murya ba. Ya ce masa abu biyu yake so: kakata ta durƙusa ta ba uwarsa haƙuri a gaban baƙi, gobe kuma a sa ta a mota. In an yi haka, shi ke nan.

Babana ya ajiye tiren a ƙasa, ya matso kusa da ita, ya ce a hankali, "Iya, don Allah ki ba su haƙuri. Adon bikinsu ne kawai. Duk shekara suna yi."

Ta ce, "Duk shekara akwai jikana a bakin ƙofarsu da sabuwar riga? In ka sa na durƙusa wa matar nan, ban yafe maka nonona ba."

Na kalli Babana, ina jira ya ce wani abu game da makarantata. Ko sau ɗaya. Bai kalle ni ba. Ya kwance farin ƙyallen da yake ɗaurawa a ƙugu, ya ninke, ya ɗora a kan tiren.

Ba su kore mu a ranar ba, wai ba sa korar mutum cikin biki. Muka zauna a ɗaki, ƙofa a rufe, muna jin fashewar wasan wuta da dariyar yara. Da kwana biyar suka cika, aka aiko mai gadi da saƙo cewa mu kwashe kayanmu, tare da turmin yadi da kwalin alewa, irin wanda suke ba kowane ma'aikaci. Wannan kwalin ya fi korar ciwo a wurina.

Muka koma ƙauye ana tsakiyar yankan dawa. Makaranta mafi kusa tana bayan rafi biyu, kuma kakata ta rantse ba zan taka ta ba, tunda da sunan makaranta aka so a sace ni. Har ta rasu tana ba matan ƙauye labarin yadda ta ƙwato ni. Kayan makarantar a gona na sa su har suka yage. Daga gona na zama yaron mota, na zama direba, wani babban mutum ya taho da ni ƙasar nan ina tuƙa shi. Alamomin hanya da siffarsu na haddace su, kamar yadda ake gane shanu.

Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin koyon karatu na manya a Lanham, Talata da Alhamis. Malamarmu ba ta kai ƙanwata ta uku a shekaru ba. Cikin watan nan ta raba mana takarda a kan bikin, ta ce mu karanta. Zama uku na yi kafin in kai ƙarshenta, ina bin layi da yatsa. A nan na ga cewa a wurinsu wata uwar arziki ce take yawo da yammacin ranar, tana neman gida mai tsabta da haske, sawun kuma hanya ake nuna mata. Wanda ya yi shara a lokacin, arzikin shekara ya kora. Ashe tsofaffin nan biyu abu ɗaya suka sani game da tsintsiya. Malama ta tambaye ni ko na ji daɗin karatun. Na ce na gane shi.

Yanzu 'yata a makaranta ake ba su irin zanen nan su cika da launi. Na ba ta labarin kakata, ta yi dariya, ta amsa mini da Turanci cewa ai kwalliya ce kawai. Tana da gaskiya, zamani ya sauƙaƙa musu. Ni dai ina yi wa kakata addu'a bayan kowace salla, amma ban ce ta yi daidai ba. Maigidan ma ban ce ya yi daidai ba, don ya san ba ni na riƙe tsintsiyar ba. Babana kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko masa ba.

Su sun yi asarar kwano ɗaya na garin shinkafa, da fitila tara, da yammaci guda. Mu kuma aikin shekara goma sha ɗaya, da ɗaki biyu, da famfo, da bishiyar gwaiba. Ni kaɗai, gurbi ɗaya a aji ɗaya, da shekara talatin da tara ina dangwala yatsa a inda ake sa hannu.