Farin akwatin da aka kawo mana daga Batsari

Ranar da aka kawo akwatin, mu biyar ne a tsakar gida: ni, da ɗana mai gidan, da matarsa, da jikata babba mai karatun ungozoma, sai ma'aikacin da ya zo daga Batsari a kan babur. Maƙwabcinmu mai facin taya yana leƙe ta kan katanga.

Gwamnati ce ta ce za ta sauƙaƙa wa gidajen talakawa intanet. Don jikata aka rubuta mu. Tun da hanya ta lalace malamansu suka koma turo darasi ta waya, ita kuma sai ta hau tudun bayan gari take samun sabis, wurin da ban yarda ɗiya mace ta tsaya ita kaɗai ba. Akwatin fari ne, bai fi ƙoƙon fura girma ba, da farantin sola da aka ɗaure a kan rufi. Ma'aikacin ya rubuta lambar sirri a takarda ya miƙa wa ɗana, ya ce ta gida ce, kamar makullin ɗaki.

Na tambaye shi ko abin yana tsayawa iyakar katanga. Ya yi dariya ya ce iska ba ta san katanga ba. Ni ban yi dariya ba. Ban yi boko ba, amma na san abin da ke fita gida ba sallama, wata rana wani abu zai biyo sawunsa ya shigo.

A garinmu ba a hana maƙwabci garwashi. Ko kuna gaba, in ya turo da kasko sai a zuba masa. Haka ɗana ya ɗauki lambar nan. Mai faci ya fara karɓa, sai mai shayi, sai kowa. Kafin gero ya fidda kai, gindin katangarmu ya zama dandali, maza zaune a jere, kowa ya sunkuya kan waya.

Ni na mayar da ɓarar gyaɗata zaure, ina kallo ta bayan asabari. Na san kowa har ubansa, in ban da mutum ɗaya. Ranar kasuwa yake zuwa da hantsi, babur ba lamba, tayoyi da laka irin ta hanyar Ruma. Ba ya sallama, ba ya sauka. Ya latsa waya, ya juya.

"Wa ya ba wancan lambar sirrinmu?" na tambayi ɗana.

"Inna, ai lamba ta zama ta gari. Wa zan tuhuma?"

"Kanka."

Matarsa ta ce, "Inna ko kaza ce ta shigo sai ta tambaye ta ɗiyar wace ce." Suka yi dariyarsu.

Ana nan, wata ranar kasuwa aka tare motar fatake a hanyar Wagini, daidai kwanar da take rage gudu, kamar an aika wa ɓarayin da lokaci. Aka shiga daji da mutane. Kashegari gindin katangarmu ba kowa. Mai faci ya daina leƙe. Da na isa rijiya mata suka yi tsit. Akwai kalmar da ba a ɗaga murya a faɗe ta a ƙasarmu: infoma, mai kai wa ɓarayin daji labari. Wanda aka liƙa wa ita ba ya kaiwa gaban alƙali. Na ga gidan wani da aka liƙa wa a wajen Safana, har yau ba rufi.

Bayan la'asar shugaban 'yan sa-kai ya zo, bindiga a kafaɗa. Ni na yanke masa cibi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, har ciwon gwiwata ya tambaya. Sannan ya ce, "Gwaggo, ana cewa daga bangonku saƙo ke fita. Ni ban ce ba. Amma ba ni kaɗai ke da bindiga ba. Ina mai gidan?"

"Yana gona," na ce. Yana ɗaki.

Jikata ta yi ta hawaye, jarabawarta ta matso. Ɗana ya ce in muka cire abin muka ɓoye, za a ce shaida muka binne. Wannan kam ya yi gaskiya.

Da gari ya waye sarai na sa shi ya kwance akwatin. Na ɗora a faifai, ban rufe ba, na aza a kai. Na bi ta tsakiyar gari sannu a hankali, ina gaida duk wanda ya kau da ido, har zauren mai gari. Na dire faifan gabansa, 'yan sa-kai na zaune. Na fara zano waɗanda suka ɗebi garwashin nan, kowa da sunan ubansa, har ƙanen mai gari da uku daga cikin masu bindigar. Na ce in laifi ne, na gari ne, ba na ɗana ba. Akwati ya zauna nan inda ido yake, jikata ta riƙa zuwa karatu. Mai gari ya ce a rataye akwatin a zaure.

Da na komo, mai babur ɗin nan marar lamba na tsaye a gindin katanga, ko da yake ba ranar kasuwa ba ce. Ya ɗago ya dube ni, karon farko.

"Ina kwana, Inna. Ina aka kai shi?"

Na ce ban san ɗan wa ke gaishe ni ba. Na shige, na sa sakata.